Inda Lissafin Hamdiya Ya Kuskure

Ladan ne ya kwaso maganar a kasuwar Tambuwal, bai tsaya tantancewa ba ya kai ta Kebbe. Ya samu wansa Malam Attahiru yana ɗinke buhunan gero, ya ce masa ɗiyarsa Hamdiya duba take koyo a jami'a. Wai tana zama gaban kwamfuta ta faɗi abin da teku zai yi gobe.

Malam Attahiru ba ya wasa da irin wannan. A wurinsa mai da'awar sanin gobe ya taɓa abin da ba nasa ba, kuma da gaskiyarsa. Hamdiya kuwa buƙata guda ta kawo ta hutu: ya yarje mata ta bi malamanta gaɓar teku a Legas su auna ruwa. In ya hana, karatun ya tsaya ke nan.

Bayan la'asar ya kira ta zaure.

"Uwata, mi nika ji? Bugun ƙasa kika yi can?"

"Mun tura ki boko, kin dawo boka," in ji Ladan. "Ke da ko gulbi ba ki iya ƙetarewa sai an riƙe ki."

Ta durƙusa ta buɗe kwamfutar bisa tabarma. Ta ce igiyar ruwa daga zurfi take tasowa da gudu. In ta iso inda ƙasa ta matso sama, gindinta ya rage sauri, kanta bai rage ba, sai ta kife gaba ta fashe, kamar jaki ya faɗa yashi da gudu kaya su wuce ta kansa. Ita kwamfuta tana yanka ruwan gida-gida kamar fangalin albasa, ta lissafa zurfi da saurin kowane yanki. Da haka ake sanin inda za a yi katanga kada teku ya cinye gidajen masunta.

"To, abin da tac ce, shi ka faruwa?" uban ya tambaya.

Hamdiya ta so ta ce e, don ɗalibi yakan ji kunyar nuna raunin aikinsa, kuma da yawa nan suke fara ƙarya. Ba ta yi ba. Ta nuna masa layi biyu, shuɗi da ja, suna tafiya tare, can gaba suka rabu.

"Baba, shuɗin nawa ne. Jan shi ne abin da munka auna cikin kwarmin gwaji a makaranta. Igiyar gaske ta riga ta lissafina karyewa. Wata nawa nika gyara, na kasa. Shi ya sa nika son in ga tekun da idona."

Ladan ya yi dariya. "Ashe ma bokan bai ci ba."

Malam Attahiru ya daɗe yana kallon wurin da layukan suka rabu, har ya ɗora yatsa a kai.

"Ladan, ka taɓa ganin boka ya nuna ma mutane inda yay yi kure? Wanga awo ne, kamar na hatsi da tiya. Mai awo ka kuskure ya sake."

Ya juyo ga ɗiyarsa.

"Ki tafi. Abin da ruwa yay yi shi za ki rubuta, ko da ya kunyata ki. Kuma kada ki shiga ya wuce gwiwa."

"Baba, na'urar auna ruwan sai an kai ta inda ruwa ya kai ƙirji."

"Su kai ta. Ke ki tsaya ki rubuta."