Rigar da Aka Bari a Ƙusa

Akwai wani mugun hali da yaran yanzu ba su ɗauke shi laifi ba: mutum ya tashi daga inda ya ci arziki ba sallama, sai ranar da buƙata ta shaƙe shi ya tuna da ƙofar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya ci wani saurayi da ake ce wa Injiniya ke nan.

Shekara shida ya yi a shagon wani dattijo mai gyaran firij, tun yana miƙo sifana har ya kai in ya ji kukan inji sai ya faɗi ciwonsa. Da ya samu gurbin karatu, wata safiya kawai ba a gan shi ba. Rigar aikinsa ma a jikin ƙusa ya bar ta. A ganinsa, mai takardar shaida ba ya waiwayar baƙin mai.

Ya gama karatun, ya kama ɗaki a bayan wata tasha. Katifa, bokiti, risho, da kwat ɗaya rataye cikin leda. Shekara biyu yana bin ofis-ofis da takardu, wayarsa ba ta kuka sai in talla aka turo. Abokan shago ya daɗe da yar da su. Yakan yini ya kwana bai ji an kira sunansa ba.

Rannan wani kamfani mai ajiye magunguna a ɗakunan sanyi ya kira shi ganawa. A takardar da suka ba shi akwai layi ɗaya: a rubuta wanda ya san aikinka, da lambar wayarsa. Ya duba gabas ya duba yamma, ba shi da kowa sai maigidan nan nasa. Ya tono lambar a wani tsohon littafi, ya rubuta.

Da ya gaya wa mahaifiyarsa ta waya, sai ta ce, "Ka je ka gaishe shi tukuna?"

"Inna, ai waya kawai za su buga masa."

"Wayar ce za ta durƙusa a gabansa? Zumunta a ƙafa take. Mota ɗaya ce tsakaninku."

"Ba ki san harkar ofis ba, Inna."

"Ban sani ba, ɗan boko. Mutane na sani."

Ranar ganawa ya isa da wuri, kwat a goge, takalmi na ƙyalli. Aka jera su shida a gaban wani firij da ya mutu. Shi kunne kawai ya kara, ya kwance murfin baya, kafin na kusa da shi ya gama naɗe hannun riga injin ya tashi. Aka sallami sauran, aka ce shi da wani mutum ɗaya su jira a waje. Shi aka fara kira ofishin manaja.

Manajar wurin mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Tana da wata ɗabi'a: ba ta binciken mutum a bayan idonsa. Ta ajiye wayarta a kan tebur, ta buɗe murya, ta buga lambar yana zaune.

Wayar ta daɗe tana kuka kafin wata murya mai rawa ta amsa. Manaja ta gaishe shi, ta faɗi wanda take tambaya a kai.

"Ashe yana da rai?" in ji tsohon. "To, na gode Allah."

"Baba, yaya aikinsa yake?"

"'Yata, hannu kam ban taɓa koyar da irinsa ba. Wannan gaskiya ce, ba zan ci haƙƙinsa ba."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Shekara biyar. Ranar da ya tafi akwai firij ɗin mutane uku a buɗe a gabansa. Na zaci ciwo ne, har asibiti na zagaya. Ban san ya ba da sunana ba. Yaron da na sani zan iya shaida, mutumin da ke gabanki ban san shi ba."

Ta kashe wayar. Injiniya ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙuruciya ce."

"Shekara biyar da ta wuce, ƙuruciya ce. Makon jiya fa, da ka rubuta lambarsa?" Ta cire tabarau. "Abin da ke ɗakunan nan magani ne. In sanyi ya ɗauke awa biyu, sai a zubar. Ba zan ba da makulli ga wanda zan wayi gari in ga rigarsa a ƙusa ba. A turo mini na wajen."

Daga nan ya shiga motar nan ɗaya da Inna ta ce. Ya tarar da shagon ya yi duhu, kanta duk ba kaya, dattijon na zaune shi kaɗai a kan benci, idanunsa sun yi fari. Rigar tana nan a ƙusarta, ƙura ta cinye launinta. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne."

"Na ji takunka. Ni ka zo gaisarwa, ko aikin?"

Dattijon bai jira amsa ba, ya ci gaba:

"Akwai akwatin kayan aiki da na yi ta tara maka, sifana ɗaya-ɗaya, don ranar da za ka zo ka ce, Baba zan tafi. Bara na ba wani. Shagon ma ƙarshen wata zan mayar da makulli, ido ya ƙi, ba ni da ɗa a sana'ar. Kai na so in bar wa. Ɗauki rigarka."

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Sallamar da ba ta fi numfashi ɗaya ba, ga abin da ta ci masa: aikin da ya fi kowa iyawa, akwatin kayan aiki, shago da mutanensa na shekara talatin, da bakin mutum ɗaya tak da zai iya yi masa shaida. Abin da ya koma ɗakinsa da shi, tsohuwar riga ce a leda.