Gishirinka Ya Yi Yawa

Shekarar da aka yi ƙuri'ar Ee ko A'a, gab da samun 'yancin kai, Barira ta bar Hamdara za ta Makka, ita da mijinta Malam Tahiru. A lokacin mai tafiya hajji sai ya yi bankwana da kowa, don ba kowa ke dawowa ba. Ta yi da duk mutanen gari, har da maƙwabciyar da ba sa ga maciji da juna. Saura mutum ɗaya: ɗanta na fari, Idirisu, mai kilishi a kasuwar Damagaram.

Ɗan fari kuwa, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakar masa fuska a gaban mutane. Kowace mace na yin wannan kunya, amma ta Barira ta wuce misali. Tun yana goye "wancan" take ce masa, har ya yi gemu.

Da suka iso birnin Damagaram, inda ake shiga babbar motar gabas, mai kamiyo ya ce ruwa kawai za a sha, ba zai jira kowa ba. Ta faɗa cikin rufaffen zauren kasuwar, tsohon gini mai sanyi da ginshiƙai. Ta ratsa masu daddawa, ta wuce masu dabino da cuku, tana ta bitar maganarta a zuci: Allah ya yi maka albarka, na yafe maka duniya da lahira.

Shi ya fara hango ta. Ya ajiye wuƙa ya durƙusa.

"Inna, sannu da hanya. Yau ne tafiyar?"

Mahauta suka zuba musu ido. Barira, wadda ke cika bakin rijiya da surutu, ta nemi harshenta ta rasa. Ta kau da kai, ta gutsuri kilishi ta sa a baki don ta sami abin yi.

"Gishirinka ya yi yawa," ta ce.

"To, Inna. In Allah ya yarda ina ragewa."

Ya naɗe mata mai yawa a takardar siminti, ya miƙa da hannu biyu, ya tsaya kansa a ƙasa yana jira. Ita ma ta san abin da yake jira. Sai ga ƙarar ƙahon mota daga waje. Ta karɓi ƙunshin ta juya.

Sun yi nisa a hanyar Gure Malam Tahiru ya kwance takardar ya ɗanɗana.

"Kai, yaron nan ya iya hannunsa! Gishiri daidai wa daida. Kin dai sa mishi albarka ko?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ga bakin yanzu ya buɗe, babu wanda za ta gaya wa. Abin da ya fi ci mata rai, ta san halin ɗanta: gobe da safe zai rage gishirin.