Mangwaron Da Aka Dasa Sau Goma Sha Biyu

A ofishin kare muhalli da Baba Mai Fulawa ke aiki, akwai wani ɗan mangwaro da ya fi duk ma'aikatan wurin yawo. Motar Darakta yake shiga, a gidan baya, a shimfiɗa masa jarida don kada ya ɓata kujera. Sau goma sha ɗaya ana dasa shi, ko sau ɗaya bai kwana a ƙasa ba.

Ga yadda ake yi. In za a yi taron yaƙi da ɗumamar yanayi, Baba ne zai riga kowa zuwa ya haƙa rami. Babban baƙo ya iso da fararen kaya, a miƙa masa shebur da aka ɗaura wa koren ƙyalle, ya zura ɗan mangwaron a rami har da ledarsa, ya watsa 'yar ƙasa, masu hoto su ɗauka. Ana shiga cin abinci sai Baba ya zare shi, ya kakkaɓe, ya mayar mota. Darakta tattali yake kiran wannan. Wai zafin yanzu ba ya barin dashe, to don me za a riƙa kawo sabo rana tana cinyewa?

Maganar zafi kam bai yi ƙarya ba. Shekara ashirin da shida Baba na jan tiyo a harabar nan, bai taɓa ganin irinsa ba. Fulawar bakin ƙofa ta rikice, ta yi toho a lokacin da ba nata ba, ya ƙone tun bai buɗe ba. Ƙudan zuman da ke hana shi sakat da safe sun ɗauke ƙafa. Tsuntsaye sukan sauko gindin famfon da ke yoyo, baki a buɗe, fukafukai a sake, ko ya zo wucewa ba sa tashi. Ran nan guda uku ya tsinta matattu a bayan ɗakin taro, daidai inda na'urar sanyaya ɗaki ke huro iska mai zafi. A ciki kuwa majigi ake nunawa kan halittun da ke ƙarewa, wata Hajiya na roƙon a rage sanyi don ta manto gyalenta mai kauri.

Shi dai Baba mangwaron ne ya tsaya masa a rai. Saiwa ta cika leda har tana nannaɗe kanta, ganye ya yi rawaya. Duk sanda ya zare shi daga rami sai ya ji kunya ta kama shi, kamar wanda ya janye kwano daga gaban baƙo. Saboda haka bayan taro na sha ɗaya ya aikata abin da ba a taɓa yi ba a ofishin: ya dasa bishiya. Can bayan ɗakin maigadi ya kai shi, inda inuwar katanga ke faɗowa da rana tsaka. Ya tsaga ledar da reza, ya zuba taki, ya rufe gindin da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar ofishin Darakta yake tarawa a bokiti, ya ba shi safe da yamma.

Allah ya taimake shi, wata biyar ba a kira taro ba, don Darakta ya tafi ƙaro ilimi kan ɗumamar yanayi a wata ƙasa mai sanyi. Mangwaro ya samu sararin kansa. Ya fitar da sabon ganye ja-ja mai laushi, ganyen ya koma kore shar, tsawonsa ya kai ƙirjin Baba. Har wasu 'yan tsuntsaye biyu suka mai da gindinsa wurin shan iska. Baba kan zauna a kan bulo yana kallonsu, ransa fes.

Sai Darakta ya dawo, ya yi ƙiba, ya sa aka kira Baba.

"Baba, ina mutuminmu? Gobe muna da babban baƙo, a harabar nan za a yi."

"Ranka ya daɗe, ai ya kama."

"Ya kama me?"

"Ya kama ƙasa. Dasa shi na yi."

Darakta ya cire tabarau ya dube shi da kyau. "Da izinin wa?"

Baba ya ja shi zuwa bayan ɗakin maigadi, yana zaton in ya gani da idonsa zai yi sanyi. Nan ya tafka kuskure. Darakta ya zaga mangwaron sau biyu, fuskarsa ta washe.

"Ka yi aiki, Baba. Dā kamar tsintsiya yake fitowa a hoto. Yanzu ne ya isa a nuna wa mutane. A cire shi da safe."

"Ranka ya daɗe, a kawo baƙon nan ya zuba masa ruwa mana. Ko in zo da wani ƙarami daga gidana."

"Baƙon zan kawo bayan ɗakin maigadi? Ƙarami kuma wa zai gan shi daga rumfa?"

"In aka tumɓuke shi a zafin nan, wallahi ba zai kai la'asar ba."

"Ai mu da ƙarfe sha biyu muke tashi," in ji Darakta.

Da safe Baba ya ce bayansa ya riƙe, ba zai iya sunkuyawa ba. Ba a rasa mai yi ba. Direban Darakta ya naɗe hannun riga, ya kafa shebur, ya danna da ƙafa. Daga inda yake tsaye Baba ya ji ƙarar tsinkewar babbar saiwa, ya juya baya.

Baƙo bai iso ba sai ƙarfe ɗaya da rabi. Kafin nan mangwaron ya sha rana a bakin sabon rami, ganyensa duk ya langaɓe. Ma'aikata suka fara kallon juna. Amma Darakta ba a banza ya yi wata biyar yana karatu ba. Ya karɓi lasifika, ya nuna mangwaron da yatsa.

"Jama'a, ku duba da idonku. Da safen nan kore shar yake. Abin da ɗumamar yanayi ke yi wa halittu ke nan cikin awa biyar."

Baƙo ya girgiza kai cikin jimami, aka yi tafi mai tsawo. Ya zura mangwaron a rami, ya watsa ƙasa. Sai Darakta ya ce a ba dattijonmu hanya, wanda ya reni wannan dashe kamar ɗan cikinsa, shi ya cancanta ya fara ba shi ruwa. Aka danƙa wa Baba butar ban ruwa.

Ya durƙusa, ya taɓa ganyen, ya ji shi da ɗumi kamar tsumman da aka shanya. Ya san an gama. Duk da haka ya juye ruwan duka, a hankali, yadda ya saba.

Mai hoto ya duba kyamararsa, ya ce rana ta ɓata wannan hoton, Baba ya daure ya sake, ya ɗan yi murmushi kuma.

Baba ya tashi ya nufi famfo ya sake cikowa.