Faya-fayan Rahmatu a Gonar Shinkafa

Rahmatu ta ja gadon da ƙarfi har ƙafarsa ta kankare sabon fentin bango, sannan ta durƙusa ta leƙa. Babu komai a ƙarƙashi sai tayil da aka goge tas. Jakar nan mai layi-layi ja da shuɗi, wadda ta shekara goma sha tara a wannan lungun, ba ta nan.

Jiya da yamma ta dawo daga Zariya, inda ta yi mako uku tana jinyar ƙanwarta. Ta tarar ɗanta Abdulbasit ya sa an fente mata ɗaki, an shimfiɗa tayil, an kafe wata ƙatuwar talabijin a bango. Ta sa masa albarka ta kwanta, don gajiya ba ta bar ta ta duba ko'ina ba. Sai yau Asabar da safe ta nemi na'urar sidinta a kan durowa, ta ga wayam.

"Kai," ta kira. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Zo nan."

Ya shigo da kofin shayi a hannu, ya sha farar shadda zai tafi ɗaurin aure a garin Madalla. Fuskarsa fal murmushin mai jiran yabo.

"Ina jakar faya-fayaina?"

"Au, waɗannan? Ai na fitar da su, Mama. Kyankyasai kawai suke tarawa. Yanzu wa yake kallon sidi? Komai yana onlayin, abin da kike so ki danna kawai."

"Har da na babanka?"

"Shi na fara dubawa wallahi. Yana nan a intanet, na gani da idona."

Fim ɗin ba wani shahararre ba ne. A gidan ma ba a kiran sunansa, sai dai a ce fim ɗin tasha. Wasu 'yan fim ne daga Kano suka zo Suleja shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, suna neman wanda zai yi kiran fasinja, aka nuna musu mijinta Almu, wanda dama aikinsa ke nan a tasha. Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ya yi a ciki. Yana dukan jikin mota yana kiran Kaduna, yana tsokanar mai ƙosai, yana dariya. Muryarsa takan fara da kauri, ta hau sama, sannan ta karye a ƙarshe kamar an taka busasshen kara. Bayan shekara biyu ya rasu. Hotunansa suna nan guda huɗu, amma hoto ba ya magana. A duk duniya wurin nan kaɗai Almu yake motsi yake magana, kuma Rahmatu takan saka shi duk ranar da gidan ya yi mata girma.

"Kunna in gani," ta ce.

Ya ɗauki rimot yana ta latse-latse. Talabijin ta yi ta juya wani ɗan zobe a tsakiya, ya ce netwok ne. Da abin ya tashi, sai ga wata mata tana tallar maganin ƙiba, aka jira ta gama. Sannan fim ya fara, hoton ya yi dishi-dishi, da lambar wayar wani ƙato tana yawo a ƙasa. Rahmatu ta san fim ɗin nan kamar tafin hannunta. Yarinya za ta fito daga gida da akwati, ta tari ɗan acaɓa, daga nan sai tasha. Yarinya ta fito, ta tari ɗan acaɓa. Sai ga ta a Kaduna tana sallama a gidan gwaggonta.

"Mayar baya."

Ya mayar. Akwati, acaɓa, Kaduna. Sau uku ana yi. Murmushin ya bar fuskarsa, ya ajiye kofin shayin, ya sunkuya yana karanta rubutun da ke ƙasan fim ɗin a wayarsa.

"Wanda ya ɗora ya ce… wai ya yanke wuraren da ba su da muhimmanci, don kada masu kallo su gaji."

"Ba su da muhimmanci," Rahmatu ta maimaita. Wato wani da bai san ta ba, bai san Almu ba, yana zaune a wani gari da almakashinsa, shi ne zai yanke abin da za ta gani da wanda ba za ta gani ba. "Ka ce ka gani da idonka. Me ka gani?"

"Sunan fim ɗin, da hoton da ke kai."

"Ka ga suna. Ka ga suna sai ka kwashe kayana. Ni na aike ka? Na ce maka kyankyasan sun dame ni? Ina jakar take?"

Nan ya shiga kame-kame. Na'urar dai ya ba 'yan gwangwan. Jakar kuwa, Baba Dogara, ƙanen Almu da ke noma a Gawu, shi ya zo kawo doya ranar da ake fenti, ya gan ta a tsakar gida ya ce yana so.

"Dogara da ko wuta babu a gidansa, me zai yi da sidi?"

"Wai na gona. Korar tsuntsaye."

Ta zari hijabinta, ta zura takalmi, ta wuce ta zauna a cikin motarsa. Da ya fara maganar ɗaurin aure, kallo ɗaya ta yi masa ya tada mota.

Har suka wuce Lambata bakinsa bai huta ba. Zai rubuta wa wanda ya ɗora. Yana da aboki a Kano da ya san 'yan fim. Akwai wani guruf a waya na masu tsofaffin finafinai, zai tambaya. Yaran nan na yanzu haka suke, komai ya ɓace sai su ce za a samo, don ba su taɓa riƙe abin da babu na biyunsa ba. Rahmatu ta san kamfanin da ya yi fim ɗin ya daɗe da watsewa. Ta san shagunan kasuwa da a da suke cike da faya-fayai har rufi yanzu caja da murfin waya suke sayarwa, domin shekara biyar da suka wuce ta zagaye su kaf tana neman kwafi na biyu.

"Yi tuƙinka," ta ce.

Can sai ya ce a hankali, idonsa a kan titi, "Ni ma fa ubana ne, Mama. Ba na iya kallon wurin, tun ina yaro ba na iyawa. Shi ya sa ban buɗe ba."

"Da sai ka bar wa mai iyawa."

Tun daga nesa ta hango gonar. Dogara ya kakkafa sanduna a fadamar, ya ja igiyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, ga faya-fayai nan rataye bisa kan shinkafa, sun fi ɗari biyu, suna juyawa cikin iska suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Finafinan da ta tara tun farkon fitowar sidi, da wa'azozi, da bidiyon bikin 'yan'uwa, duk ga su nan suna gadin shinkafa.

Dogara ya taho da sauri, wando a naɗe, laka har gwiwa.

"Matar yaya da kanta. Ai da na zo godiya. Kin ga aikin kayanki? Bana tsuntsayen jan-baki ko sauka ba su yi ba. Gonar maƙwabcina kuwa sun yi mata aski."

"Akwai guda biyu, kashi na ɗaya da na biyu na fim guda, da na naɗe a cikin koren ɗankwali. Ina suke?"

Ya sosa ƙeya. Ɗankwalin ya yayyaga shi ya yi ɗauri da shi. Kwalayen an hura wuta da su. Faya-fayan kuwa duk ya huda su da ƙusa mai zafi, ya rataye, bai ware ko ɗaya ba.

"Yayanka ne a ciki," ta ce. "Na tasha."

Dogara ya cire hularsa a hankali ya riƙe ta a ƙirji. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban sani ba. Yaron nan ya ce min shara ce."

Abdulbasit ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa mai tsada da ya fara nitsewa a laka.

Rahmatu ta tattare zane ta shiga gonar. Ta kama faifai na farko ta juya. Mako uku na rana da ruwan ƙarshen damina sun cinye rubutun da hotunan da ke kai, saura fari fat. Na biyu haka. Na goma haka. Babu yadda za a yi ta gane na Almu a cikinsu, sai dai a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ni wuƙa. Duka zan kwashe."

"Haba matar yaya." Muryar Dogara ta yi ƙasa. "Kwana goma ya rage a yanka. In kika sauke su yanzu, kafin la'asar tsuntsayen nan sun gama da ni. Abincin gidana ne na shekara."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta sani. Hakan ya ƙara tunzura ta, don ba shi ne ya yi mata laifi ba.

"Kafin a yi sidi a duniya, da me kuke korar su?"

"Mutum ake sawa. Ya riƙe gwangwani da tsakuwa a ciki, ya yini yana zagaye yana ihu."

"To ga mutum nan." Ta nuna ɗanta da baki. "Yau da gobe yana nan. Ranar Litinin ya nemo maka wasu faya-fayan, ko ya sauko maka da su daga intanet ɗin, tunda komai yana can."

"Mama, ɗaurin auren…"

"Za a ɗaura ba da kai ba."

Ya cire babbar rigar ya rataye a reshe, ya tuɓe takalmi, ya karɓi gwangwanin daga hannun baffansa.

Ta fi awa biyu tana yanka igiya tana zubawa a buhu, rana na dukan ƙeyarta, ganyen shinkafa na yankar hannunta. Dogara ya so taimaka mata ta hana. Can wajen tsakiyar gonar ta ɗaga wani faifai sama don ta duba, sai ta ga hasken rana yana ratsowa ta cikinsa ɗigo-ɗigo kamar rariya. Ta shafa babban yatsa a kai, azurfar ta biyo yatsan kamar ɓawon kifi. Ta ɗaga wani, haka. Ta ɗaga wani. Ba sai wani mai gyara ya gaya mata ba. Ko ta samo na'ura, ko ta gano wanne ne, Almu ba ya ciki kuma. Hawaye suka zubo mata, masu zafi, na tsabar baƙin ciki da takaici, ta share da gefen hijabi ta ci gaba da yanka, domin in ta tsaya ba ta san abin da za ta yi wa yaron nan ba.

Tana ɗaure bakin buhun a gindin wata ɗorawa, tsuntsayen suka iso. Suka taso daga bakin rafi kamar hayaƙi, suka yi shawagi sau ɗaya, suka zubo kan shinkafa. Abdulbasit ya kaɗa gwangwani yana tafa hannu yana cewa shuu, shuu, da wannan siririyar muryar tasa ta amsa waya. Tun da ya balaga Rahmatu ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a gida ko a waje. Tsuntsayen ko gezau.

"Buɗe maƙogwaro, ɗana," Dogara ya ce daga ɗaya gefen. "Ba a ofis kake ba."

Abdulbasit ya ruga cikin laka, farin wandonsa ya koma ja, ya cika ƙirji da iska.

"Haaa! Kai! Haaa!"

Hannun Rahmatu ya tsaya a kan igiyar buhun. Muryar ta fara da kauri, ta hau sama, ta karye a ƙarshe daidai inda ta Almu take karyewa. Ya sake yi yana dukan gwangwani da tafin hannu, kamar mai dukan jikin mota. Ta juya ta kalli Dogara. Shi ma ya tsaya cak, baki a buɗe, yana kallon yaron.

Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya suka nufi rafi. Abdulbasit ya tsaya yana haki, ya waiwayo wajenta yana jiran ko za ta ce ya isa haka. Har yanzu haushinsa take ji, kuma ta san za ta daɗe tana ji. Ta saki igiyar, ta zauna a kan buhun faya-fayan, ta gyara hijabinta.

Dogara ya matso kusa da ita. "In samo miki mota ki koma gida? Rana ta yi."

"Ba yanzu ba."

Ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Babu tsuntsu ko ɗaya a kan shinkafar.

"Gaya masa ya ƙara," ta ce. "Na can ƙarshe ba su ji ba."