Madabod ɗin Haliru Mai Hoto

Mamman ya kai madabod ɗin hancinsa ya shinshina, ya ƙara shinshinawa, sannan ya ajiye shi a kan kanta.

"An wanke shi," ya ce.

Usman mai shagon ya tuntsire da dariya, ɗalibai biyu da ke jiran a buga musu takardu suka taya shi.

"Haba Baba! Kilishi ne da za ka shinshina? Dubi yadda yake ƙyalli."

"Warin fetur nike ji. Kawo wani."

Mamman manomi ne, shekararsa saba'in da biyu, bai taɓa danna kwamfuta ba. Abin da ya taso shi daga Gwandu zuwa wannan shago na bakin jami'a a Kalgo shi ne maƙwabcinsa, Haliru mai hoto. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninsu. Mako uku da suka wuce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone madabod ɗin kwamfutar Haliru, wato babban faifan nan na ciki wanda komai ke maƙale a jikinsa. A rumbun kwamfutar akwai hotunan rabin gari: na suna, na biki, da na iyayen mutane da suka rasu, waɗanda gara ko ruwan sama ya cinye na takardarsu. Babu wanda ya san ko rumbun ya tsira sai an sa sabon madabod an kunna.

Shi kuwa Haliru yana kwance. Ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, asibiti sun ce a mai da shi gida. Da safen nan ya aika aka kira Mamman.

"Amanar mutane ce," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Ba ni son in tahi ban san ko ta ƙone ba. Ɗiyata Hauwa ta iya haɗawa, amma ba ta barin gefena. In na aiki yara, da ido za su saya. Kai kuwa ba a taɓa sayar maka da sa mai ciwo ba."

Ya koya masa abin da zai duba, ya sa ya maimaita har sau uku, sannan ya damƙa masa ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan ƙarfe kamar kan akwatin ashana, a naɗe cikin hankici.

Usman ya kawo na biyu. Wannan ba shi da wari. Mamman ya fita da shi bakin ƙofa inda rana take, ya bi ƴan gangunan da ke tsaye a jikinsa da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Biyu kansu ya kumbura.

"Waɗannan sun sha wuta."

Dariyar Usman ta ragu. Ya kawo na uku. Mamman ya kwance hankici ya ce a gwada. Ƙwaƙwalwar ba ta zauna a gurbin ba.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Wanda ya fi ka."

Usman ya sosa ƙeya. "To, gaskiya ɗaya ce. Irin naku tsohon yayi ne, an daina kawo sabonsa. Akwai ɗaya mai lafiya a gidana, can Wurogauri, cikin wata kwamfuta da nake aiki da ita. Ban taɓa wanke shi ba, bai taɓa ganin mai gyara ba. Amma sai na je na kwance shi. Awa biyu, in hanya ta yi kyau."

Wayar Mamman ta yi ƙara a aljihu. Hauwa ce, ɗiyar Haliru.

"Baba Mamman, kana ina? Numfashinsa ya canja. Yana ta tambaya ko ka taso."

"Ba shi ruwa. Ce mishi ina hanya."

Ya kashe wayar, ya daɗe yana kallon madabod na farko, mai ƙyallin nan. Gurbinsa daidai yake da ƙwaƙwalwar, ya gani da idonsa. In ya ɗauka yanzu, kafin azahar ta wuce yana Gwandu.

"Kai yaro," ya ce, "hwaɗa mini don Allah. Wanga zai kawo?"

Usman ya dubi ɗaliban, ya rage murya. "Zai iya kawowa yau, Baba. Zai iya yin wata guda ma. Amma ya taɓa ƙonewa. In ya sake, ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Yana iya jan rumbun."

Mamman ya ja benci ya zauna.

"Tahi ka ɗauko."

Ya yi azahar a masallacin gefen titi, ya dawo ya zauna. Aka kawo masa ruwan leda, bai sha ba. Duk babur ɗin da ya rage gudu sai ya miƙe. Wayar ta yi ƙara sau biyu, ya duba sunan, ya mai da ita aljihu. Ba shi da abin da zai ce wa Hauwa, kuma yana tsoron abin da za ta ce masa.

Ana gab da la'asar Usman ya dawo, zufa ta jiƙa masa riga. Madabod ɗin da ya ciro daga kwali ba shi da kyan gani, ƙura ta kwanta a kusurwoyinsa. Mamman ya shinshina, ƙura kawai ya ji. Gangunan duk kansu a shafe yake. Ya karkata gurbin wajen rana, ƴan alluran ciki suna tsaye reras, babu wadda ta kwanta. Ƙwaƙwalwar ta zauna ba tare da an danna ta ba.

"Naɗe," ya ce.

A mota ya rungume kwalin a cinya, ya hana kwandasta ya taɓa. Direba ya tsaya ɗaukar buhunan albasa, Mamman ya yi masa tsawar da ta sa fasinjoji suka yi tsit.

Rana ta yi ja lokacin da ya shiga layinsu. Ya fara duban ƙofar gidan Haliru. Babu tabarmi a waje, babu taron maza. Ya yi sallama ya shiga.

Haliru yana jingine da matasai, fuskarsa ta faɗa fiye da yadda ya bar ta da safe. An riga an shigo da kwamfutar ɗakin, cikinta a buɗe a kan tabarma.

"Ka daɗe," in ji shi, da kyar.

"Ban kawo maka shara ba."

Ya ɗora masa madabod ɗin a ƙirji. Haliru bai iya ɗaga shi ba. Yatsansa ne ya bi kan gangunan a hankali, har ya kai na ƙarshe. Gefen bakinsa ya motsa.

"Tsohon banza. Ka iya."

Hauwa ta karɓa ta durƙusa. Tana cikin ɗaurawa, ƙusa ɗaya ta suɓuce ta shige ƙarƙashin gado.

"Bar ta," in ji Mamman. "Ɗaura sauran."

"Shafa ma ƙwaƙwalwar man... kafin ki sa fanka," in ji Haliru.

"Na sani, Baba. Ka yi shiru, ka huta."

Mamman ya riƙe mata akwatin kwamfutar da hannu biyu tana cusa wayoyi. Da ta gama ya fita tsakar gida ya ja igiyar janareta. Sau huɗu yana ja kafin ya tashi. Ya dawo da sauri, yana haki.

Hauwa ta yi bisimilla ta danna. Fanka ta juya. Gilashin kwamfutar ya tsaya baƙi. Suka zuba masa ido, babu mai motsi. Can kwamfutar ta yi ƴar ƙara sau ɗaya, rubutu ya fito, ya ɓace, haske ya kawo. Hauwa ta danna nan, ta danna can, sai ga su: fuskoki ƙanana, layi bisa layi, har ƙasan gilashin.

"Suna nan! Baba, duk suna nan!"

"Haliru," in ji Mamman, bai juya ba. "Ta kawo."

Ba a amsa ba.

Ya juya. Kan Haliru yana karkace wajen kwamfutar, idanunsa a buɗe. Mamman ya kama hannunsa ya riƙe, ya daɗe, sannan ya yi salati a hankali.

Hauwa ta toshe bakinta da mayafi. Da ta samu murya ta ce, "Baba Mamman, ya gani? Don Allah, ya gani?"

Mamman bai saba faɗin abin da bai tabbatar ba, ko don a ji daɗi.

"Idonshi na wurin," ya ce.

Ya sa tafin hannu ya rufe masa ido, ya gyara masa kai. Hauwa ta miƙa hannu za ta kashe kwamfutar, ya girgiza kai. A waje ladan ya fara kiran magariba. Mamman ya zauna a bakin gado, fanka tana ta juyawa, hasken gilashin yana kan fuskar maƙwabcinsa.