Ranar da Ƙahon Terere Ya Zo Kan Baba

Ƙanwata Zunilda ta shafe shekaru tana karatun yadda mutum ke zama ɗan ƙasa. Ni da nake wankin zannuwan gado a wani asibiti a nan Asunción, babban birnin Paraguay, ban taɓa sanin abin na buƙatar digiri na biyu ba. A zatona haihuwar mutum ake yi a ƙasa, shi ke nan ya zama nata. Duk lokacin da na faɗi haka sai ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Yaya Eulalia, ke dai ba za ki gane ba." Ɗaki ɗaya muke haya, ni ke dafa abin da take ci, ni ke goge mata kaya, amma ganewa sai ita.

Ba wai ba na alfahari da ita ba ne. Mu 'yan ƙabilar Nivaclé ne, daga can cikin yankin Chaco, kuma a duk danginmu babu wanda ya taɓa leƙa ƙofar jami'a sai ita. Akwai kwalejin horar da malamai kusa da garinmu da ta yi mata alkawarin aiki muddin ta kawo takardar digirin. Gari guda ke jiran wannan takarda.

Mai duba aikinta shi ne Farfesa Recalde, wani dattijo mai furfura da taushin murya, wanda ya gina sunansa kacokan a kan terere, shayin sanyi na ƙasarmu. Ya rubuta littafi mai kauri yana cewa in kana son ganin zuciyar Paraguay, ka dubi mutane sun zauna a inuwa, ƙaho ɗaya cike da ganyen yerba da ruwan sanyi yana zagayawa, kowa na zuƙa da bututun ƙarfe guda, mai kuɗi da talaka, soja da manomi. Wai ƙasar da ke shan ruwa da baki ɗaya ba ta san bambanci ba. Zunilda ta haddace maganganunsa, har tana karanta mini ina cikin firar rogo. Ni dai sai in ci gaba da aikina, don na san wace ƙasa na girma a cikinta.

Ita ma ta sani. Shi ya sa da za ta rubuta kundinta ta ware babi na huɗu don waɗanda ƙahon ke tsallakewa. Lokacin hutu muka tafi gida tare, ta ajiye wayarta a gaban Baba ta ce ya ba ta labarin gonar shanun da ya yi wa aiki tun yana saurayi har bayansa ya ƙi.

Babanmu Anacleto ba mai magana ba ne. Mutum ne da zai wuni yana gyaran shinge bai ce uffan ba. Amma ranar nan ya yi magana har rana ta karkata. Ya ce in an tashi hutun hantsi, ma'aikata kan zauna ƙaho ya zagaya, su kuwa 'yan ƙabilarmu akwai gwangwanin madara da aka rataye musu a jikin shinge, da ɗan karan da suke zuƙa da shi. Wata rana wani sabon ma'aikaci da bai san ƙa'idar wurin ba ya miƙa masa ƙahon, shi kuma ƙishi ya sa ya karɓa ya sha. Shugaban ma'aikata bai zage shi ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya dai zare bututun, ya jefa a tukunyar ruwan da ke tafasa, aka zauna ana jira ya dahu, Baba na zaune ana kallonsa. Mu 'ya'yansa ba mu taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

Da ya gama ya dubi wayar ya ce, "Manyan can za su karanta wannan?"

"Za su karanta, Baba," in ji Zunilda. "Har da sunanka."

Kafin mu baro gari babu wanda bai ji ba cewa maganar Anacleto za ta shiga littafin jami'a.

Bayan wasu watanni na dawo daga aiki da la'asar na tarar da ita zaune a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

"Wa ya mutu?" na ce.

"Farfesa ya ce in cire babi na huɗu."

"Saboda me?"

"Wai labarin mutum ɗaya ba bincike ba ne. Wai abin da ya faru a wata gona tun kafin a haife ni ba zai zama hujja a kan ƙasa guda ba. Ya ce ɗacin rai ne ya rubuta babin, ba ni ba."

"To ki kawo masa mutum ɗari. Garinmu kaɗai ya isa."

"Na faɗa masa. Sai ya ce, 'Ɗiyata, tsakaninki da Allah, a ajina an taɓa tsallake ki?'" Sai ta ƙara da cewa, "Kuma Yaya, ba a taɓa ba. Tare muke sha da su kullum."

Raina ya ɓaci, na ce, "Ke da tabarau, da takalmi mai tsini, da Sifaniyanci kamar mai karanta labarai a rediyo, wa zai tsallake ki? Ai ke ado ce a wurinsu. Ki kai musu Baba ki gani."

Ta fashe da kuka, na kuma ji ba daɗi, amma ban janye ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga tana son ta yarda da mutumin. Tana son a ce zamani ya sauya, gwangwanin madara ya zama tarihi, ita ma ƙasar nan tata ce kamar kowa. Ban ga laifinta a kan son hakan ba, ni ma ina so.

In Farfesa bai sa hannu ba babu zaman kare kundi, in babu zaman babu takarda, in babu takarda babu aikin kwaleji. Ta yi ta kai gwauro tana kai mari, ta rage babin, ta sassauta kalmomi, ta mayar da shi ƙarshen kundi, duk ya ƙi cikin fara'a da lallashi. A ƙarshe ta cire shi gaba ɗaya. Na ce ta kira Baba ta gaya masa. Ta ce za ta gaya masa in ta je gida, ai tafiyar ta yi masa nisa, ba zuwa zai yi ba.

Sai ga shi ya zo. Ranar kare kundin da safe maƙwabcinmu na gida ya kira ni ya ce in je tasha, ya saka tsoho a mota tun jiya. Na same shi tsaye a bakin tashar da farar riga mai dogon hannu da ban san shi da ita ba, ya maƙale maɓallanta har wuya, ga hular kabarsa a hannu. Watan Disamba ne, lokacin bazara a ƙasarmu, zafi kamar a bakin murhu. Na ce mu tsaya ya sha wani abu, ya ce a'a, kada a fara babu shi. Da Zunilda ta hango mu a ƙofar zauren, sai ta yi sauri ta kau da kai.

Baba ba ya jin Sifaniyanci sai kaɗan-kaɗan. Ya zauna a bakin kujera, ya karkata kunnensa mai ji, yana jiran abu ɗaya. Can ya taɓo ni ya ce da harshenmu, "An zo wurina?"

"Tukuna," na ce.

Aka jima ya sake tambaya, na sake cewa tukuna. Daga nan bai ƙara ba.

Zunilda ta yi ƙoƙari, wannan ba na hana ta. Ta amsa duk abin da malamai uku masu yi mata tambayoyi suka jefo mata, suka fita suka dawo suka ce ta ci da yabo. Farfesa Recalde ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce yau ga hujjar abin da ya kwashe rayuwarsa yana faɗa, 'yar Chaco ta tsaya a zauren jami'a ta bayyana wa ƙasa ko ita wace ce. Aka yi tafi. Baba ma ya tafa, don ya ga ana yi.

Daga nan aka fita tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, aka jera kujeru da'ira, kamar yadda sashensu na jami'a ya saba duk ranar da ɗalibi ya gama. Wani abokin karatunta, Derlis, shi ya riƙe butar ruwan ƙanƙara yana zubawa. Farfesa da kansa ya kamo hannun Baba ya zaunar da shi kusa da shi, yana ta ce masa "Don Anacleto", irin kiran da ake yi wa manya da Sifaniyanci, har aka ɗauke su hoto. Sai da aka zauna na lura da yadda layin ya faɗa: ni, sai Baba, sai Farfesa. Duk abin da bakin Baba ya taɓa, bakin Farfesa ne zai bi.

Ƙaho ya fara zagayawa ana hira ana dariya. Yana matsowa hirar na raguwa. Ban ce kowa ya yi da gangan ba, amma na ga matar da ke gefen Farfesa ta fara laluben jakarta, na ga shi kansa ya ciro hankici yana goge tabarau da babu abin da ya same shi. Zunilda na tsaye a bayan kujerata, ina jin numfashinta. Na karɓa na zuƙe nawa har ya yi ƙara, na mayar. Derlis ya cika, ya ɗan tsaya, ya saci kallon Farfesa, sannan ya miƙa wa Baba.

Baba ya dubi ƙahon. Ruwan sanyi ya yi raɓa a jikinsa yana ɗiga, leɓɓan tsohon kuwa duk sun tsage. A zuciyata ina cewa sha, Baba, don Allah sha, mu ga ƙarshen littafin nan mai kauri. Kowa a ƙasar nan ya san ba a godiya a zaman terere sai in mutum ya ƙoshi yana son a daina ba shi.

"Na gode, ɗana," in ji Baba, ya mayar da hannuwansa kan hularsa.

Derlis bai ko ce "ka tabbata?" ba. Ya juya da sauri ya ba Farfesa, shi kuma ya karɓa ya zuƙa mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka. Nan take hira ta dawo, har ta fi ta ɗazu daɗi. Sai ya waiwayo ya dubi Zunilda da murmushin nan nasa na uba, ya ce a hankali, "Kin gani ko, ɗiyata? An miƙa masa." Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba, kuma ko kalma ɗaya mara daɗi bai faɗa ba.

Ƙahon bai kammala wani zagayen ba Baba ya tashi kamar mai neman bayan gida. Da ya daɗe muka bi shi ni da Zunilda. Muka same shi a bayan ginin, ya durƙusa gaban famfon da ake ba furanni ruwa, yana tara hannu yana sha. Ruwan ma da zafinsa, don rana ta doki bututun famfon. Gaban farar rigar duk ya jiƙe.

"Baba, me ya sa ba ka sha can ba?" in ji Zunilda.

Ya goge baki da bayan hannu. "Haba, ke kuwa. Mutanen da suka karanta abin da aka yi mini, suka haɗiye, suka kuma ba ki takarda, ai sun yi ƙoƙari. Kunyar da suka ji ta ishe su. Ba sai na zo ranar farin cikinki na sa su a tsaka mai wuya ba." Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. "Sai dai ban ji inda aka ambaci sunana ba. Kunnen ne ya tsufa, ko kuwa da sauri kika faɗa?"

Na buɗe baki zan rufa mata, ta riga ni.

"Babu shi a ciki, Baba. Na cire."

"Sunan?"

"Duka labarin."

Ya dube ta ya ce, "To ashe ba su sani ba."

"Farfesa ya sani. Ya karanta. Shi ya ce sai na cire zai sa hannu."

"Wannan da ya zaunar da ni kusa da shi?"

"Shi."

Daga tsakar gida ana ta kiran sunanta, wai ta zo a yi hoton ƙarshe. Ba ta motsa ba. Baba ya sunkuya ya rufe famfon sosai don kada ya ɗiga, ya ɗauki hularsa ya kaɗe ta a cinya. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Je ki, suna jiranki," ya ce. "Amma da kin gaya mini tun da safe, 'yata, da na sha."