Fim ɗin da Ya Tayar da Sufeto

Kawuna ya yi shekara talatin da biyu yana aikin ɗan sanda, ko yatsa bai taɓa karyawa ba. Sai da ya yi ritaya, ya hau kujera zai canza ƙwan fitila a ɗakinsa, kujerar ta goce, ya karya ƙafar hagu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuma duk suna nesa, shi ya sa da aka sallame shi daga asibiti Mama ta ce a kawo shi gidanmu. Ita ce yayarsa, kuma tsohuwar nas ce, don haka ba wanda ya yi musu.

Kowa Sufeto yake ce masa. Mama kaɗai ke kiransa Auta, ko a gaban wa.

Ni malamar makaranta ce, lokacin muna hutu, sai zaman jinya ya faɗo kaina. Muka gyara masa doguwar kujerar falo, wadda ke jikin taga, muka jera masa matashi uku. Cikin kwana huɗu ya karance tsofaffin jaridun gidan kaf, ya koma yi wa fanka faɗa wai tana damunsa da ƙara. Na ce bari in sa masa fim. Na zaɓo na 'yan sanda masu binciken kisa, a zatona zai ji daɗi ya tuna da aiki.

Ko minti biyar ba a yi ba ya ɗaga hannu.

"Tsayar, 'yata. Mayar baya kaɗan. Kin ga abin da ya yi?"

"Me ya yi, Kawu?"

"Ya ɗauki wuƙar da hannunsa! Ba safar hannu, ba leda. Da yarona ne, wallahi da yau ya koma gadin ƙofa."

Na sake kunnawa. Jami'in fim ɗin ya durƙusa, ya dangwali wata farar hoda da yatsa, ya lasa. Kawu ya dafe kai.

"Idan guba ce fa? Wa ya koya wa wannan aiki?"

Mama ta fito daga kicin da kofin shayi, ta tsaya tana kallon gawar da ke kwance a allon.

"Wannan ba jini ba ne," in ji ta. "Jinin da ya kwana ba ya ja haka. Kuma dubi cikinsa, gawar tana numfashi."

Daga ranar na shiga uku. Kullum bayan an ci abincin rana sai su zauna, shi a kwance, ita a kujerar gefe, ni kuma riƙe da rimot kamar mai gabatar da ƙara. Fim ɗin awa biyu sai ya ɗauke mu awa huɗu. Idan aka harbi jarumi a kafaɗa ya tashi yana gudu a kan rufin gidaje, Mama ta ce ko jakar hannu ba zai iya ɗauka ba sai bayan wata biyu. Idan aka gano mai laifi cikin kwana uku, Kawu ya ce shi takardar neman izinin bincike kaɗai takan yi mako a teburin mai sa hannu.

"Kuma ina rubutu?" yakan ce. "Rabin aikinmu rubutu ne. Ban taɓa ganin ɗayansu riƙe da biro ba."

"To Kawu, wa zai zauna ya kalli mutum yana rubutu awa biyu?"

"Ni."

Amma duk wannan ƙorafin, ranar da na makara ban kunna ba, shi ne ya fara cigiya. Ya iya canko mai laifi tun da wuri, kuma in ya canka daidai sai ya wuni yana murmushi. In ya kuskure kuwa, masu fim ne suka yi maguɗi.

Sau ɗaya kawai na ga ya yi shiru. A wani fim, wata tsohuwa ta zo ofishin 'yan sanda ta ce ɗanta bai dawo gida ba kwana biyu. Jami'in da ke kan tebur ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ta koma, matasa haka suke. Kawu bai ce in tsayar ba. Sai da aka wuce wurin ya gyara murya.

"Wannan kam sun faɗi gaskiya," ya ce. "Na taɓa yin haka, ina sabon shiga. Allah ya taimake ni yaron ya dawo da ƙafarsa. Amma fuskar uwar har yau ina ganinta."

Mama ta miƙa masa shayinsa, muka ci gaba da kallo.

Bayan mako shida aka cire masa ɗauri. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce ƙashi ya haɗe sarai, abin da ya rage ya fara takawa a hankali. Nan fa aka ji kunya. Kawu ya ƙi. Daga kujera zuwa banɗaki sai da sanduna biyu, ƙafar a ɗage kamar ta zakara a ruwan sama. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi gori.

"Auta, kai ne fa ka bi ɓarawo cikin kwata har da tsallake katanga."

"Lokacin ƙafar tawa ce, Yaya. Wannan ban san ta ba tukuna."

Ya ce yana jin kamar in ya ɗora mata nauyi za ta sake karyewa ƙaras. Mako biyu muka yi a haka.

Ran nan finafinan bincike suka ƙare mini, sai na ce ko za mu gwada na ban tsoro. Kawu ya yi dariya har matashi ɗaya ya faɗi.

"Ni? Na kwana da gawa a bayan mota, tayarmu ta fashe a daji. Sa mu gani."

"Ni kuwa," in ji Mama, "shekara nawa ina wucewa ta gaban ɗakin ajiye gawa da kwanon abincina a hannu."

Rana tsaka ce, haske na dukan allon, sai na saki labule, falon ya ɗan yi duhu. Labarin wata mata ce da ta tare a tsohon gida ita kaɗai, take jin motsi a sama. Da farko sai ba'a suke yi.

"Ji sakarya," in ji Mama. "Kin ji motsi a ɗaki mai duhu, maimakon ki fita ki kira maƙwabta, sai ki shiga kina tambayar waye?"

"Kuma ba ta kunna fitila ba," in ji Kawu. "Ga makunni nan a gefen hannunta. Su mutanen nan ba sa kunna fitila ne?"

Da aka nuno wata fuska mai fari fat da baƙin baki, Mama ta ce hoda ce da kwalli, ita ma za ta iya. Amma da fim ya yi nisa, sai aka daina nuna komai. Kiɗan ma ya ɗauke. Matar tana tsaye a ɗakin kwana, tana kallon ƙofar kabad, ba abin da ake ji sai numfashinta. Na waiga na ga Mama ta rungume matashi, leɓenta na motsi. Kawu kuma ya daina tauna biskit ɗin da ke bakinsa.

Daga cikin kabad ɗin aka ƙwanƙwasa. Sau ɗaya. Matar ta matsa taku guda. Aka sake. Ta miƙa hannu a hankali za ta kama mariƙin.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashin tagarmu, daidai bayan kan Kawu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ban san lokacin da rimot ya bar hannuna ba. Mama ta saki salati da ƙarfi. A jikin labule ga inuwar mutum tsaye, da wani abu mai faɗi a kansa. Da na juyo in kama Kawu, kujera wayam.

Yana can bakin ƙofar kicin, tsaye cak a kan ƙafafunsa biyu, riƙe da murfin tukunya. Sandunansa na jingine a inda suke tun safe.

"Salamu alaikum," in ji wata murya daga waje. "Mai duba mitar wuta ne. Na yi ta buga ƙofa ba a ji ba."

Na je na buɗe masa. Bawan Allah ne da malafa da ɗan littafinsa, ya duba mita ya tafi, yana ta ba da haƙuri bai san laifin da ya yi ba. Da na dawo na tarar Mama ta ajiye matashi, tana bin tayil ɗin falo da yatsa.

"Taku tara," ta ce. "Auta, taku tara ka yi, har da tsallake tebur."

Kawu ya dubi ƙafarsa, ya dubi murfin tukunyar.

"Dabarar aiki ce," ya ce. "In an kawo hari ta gaba, dole wani ya tsare ƙofar baya."

"Da murfi?"

"Abin da hannu ya samu."

"An ce tsoro na daji, kunya na gida. Yau ga su duka biyun a falona."

"Ke fa, Yaya? Wace sura ce ba ki karanta ba?"

Dariya muka yi har na zauna a ƙasa. Shi ma yana yi, yana share ido da bayan hannu. Sannan ya ajiye murfin, ya ɗan danna ƙafar a ƙasa, ya sake dannawa. Ya tako a hankali, ba mai riƙe shi, har ya iso kujera.

"Akwai ɗan tsami," ya ce. "Amma tawa ce."

Ya ce lallai sai mun ƙarasa fim ɗin, amma a ɗage labule. Ƙarshensa bai yi armashi ba. Ashe ba fatalwa ba ce, tsohon mai gidan ne yake ɓoye a saman silin. Mama ta ce an ɓata mata tsoro a banza. Kawu kuwa daɗi ya ji, ya ce tunda mutum ne, to aikinsa ne, kuma da an kira shi tun ranar farko da ya leƙa silin an huta.

Bayan kwana goma ya koma gidansa, da ƙafarsa ya taka har bakin titi. Ba a yi wata ba ya bugo mini waya, wai in turo masa fim ɗin nan. Wani abokin aikinsa, tsohon saje, an yi masa aiki a gwiwa, shi ma ya ƙi takawa. Kawu ya shirya komai, ya saki labule, har ya roƙi maƙwabcin mutumin ya tsaya a bayan taga ya jira alama.

Da yamma na kira in ji yadda aka yi.

"Bar ni kawai, 'yata," ya ce. "Tun kafin matar fim ɗin ta shiga ɗakin sajen ya yi barci. Maƙwabcin ya yi ta buga taga, shi kuwa saje munshari kawai yake. Matarsa ce ta tsorata ta watsa mini shayi a riga."